Kwalbar Giya Ba Tutar Ikkilisiya Ba Ce



Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin waɗansu mazajenmu, har ta fara shiga bakin samarinmu. Idan aka tambayi mutum abin da ya kai shi gidan giya, sai ya buɗe baki ya ce, "Ai ni Kirista ne, shari'a ba ta hau kaina ba." Yana faɗin haka da ƙarfin zuciya, kamar wanda aka tsayar gaban mahukunta yana ba da shaida saboda bishara. Mun rubuta wannan takarda domin mu ce maganar nan ba gaskiya ba ce, kuma tana cutar da mu duka. Zuwa mashaya ba ya cikin 'yancin da ikkilisiya take nema a Jihar Zamfara. Wanda ya ɗauki sunan Kristi ya lulluɓe kwalbarsa da shi, ya ci amanar 'yan'uwansa waɗanda suke shan wuya saboda wannan suna.

Mun sani maganar za ta yi wa waɗansu ɗaci. Amma gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Yadda aka haɗa sunanmu da giya

Hana giya a ƙasar Hausa ya girmi Jihar Zamfara nesa ba kusa ba. Tun daga yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka ƙulla a birnin Burasel a 1890, Turawan mulki suka sa Arewa cikin yankunan da ba a yarda a shigo da barasa a sayar wa 'yan ƙasa ba. Abin da suka bari shi ne lasisi domin Turawa da baƙin da suka zo aiki daga kudu, waɗanda aka zaunar a unguwannin Sabon Gari. Hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Zariya ta bi ta Funtuwa da Gusau ta iso Ƙaura Namoda a 1929, ta kawo ma'aikatan reluwe da masu sayen gyada da auduga da 'yan kasuwa. A garuruwan da jirgin ya bi, majami'a da gidan giya sukan tashi a unguwa ɗaya, wani lokaci ma a layi ɗaya. Maƙwabcinmu Musulmi da ya leƙo daga cikin gari ya gan su kusa da juna, sai ya ɗauka uwa ɗaya ta haife su. Bayan haka kundin hukunta laifuffuka na Jihar Arewa na 1960 ya sa hukunci a kan Musulmin da ya sha giya, ya bar wanda ba Musulmi ba. Da haka doka da kanta ta ƙara ƙarfafa zaton cewa giya kayan Kirista ce.

A ranar 27 ga Oktoba 1999 Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'a a Gusau, ta fara aiki a Janairun 2000. Aka rufe gidajen giya, aka sa bulala tamanin a kan Musulmin da aka kama ya sha. An yi alkawari cewa shari'a ba za ta shafi Kirista ba, amma hana sayar da giya ya hau kan kowa. Manyanmu suna tune da fargabar waɗannan kwanaki, musamman bayan rikicin Kaduna na Fabrairun 2000, da yadda iyalai da yawa suka tattara kayansu suka koma garuruwansu.

Me Ƙungiyar Kiristocin Nijeriya, wato CAN, ta tsaya a kai a lokacin? Ta tsaya a kan sashe na 10 na tsarin mulkin 1999, wanda ya hana gwamnati ɗaukar wani addini ya zama na hukuma, da sashe na 38 da ya ba kowa 'yancin addini da sujada, da sashe na 42 da ya hana nuna bambanci. Kukan ikkilisiya shi ne filin gina majami'a da takardar mallakarsa, koyar da 'ya'yanmu darasin addinin Kirista a makarantun gwamnati, da adalci wajen ɗaukar aiki da ƙarin girma. Waɗannan su ne kayan da muke ɗauke da su a ka har yau. Babu wani babban taron ikkilisiya da ya taɓa aika wakilai su roƙa mana 'yancin buguwa.

Abin da ake tararwa a ciki

Hanin da aka yi bai kashe ƙishirwar ba, ya dai kora ta cikin duhu. Wanda yake so ya sha ya san hanya: ko mami maket ta bariki, inda dokar jiha ba ta cika shiga ba, ko wani ɗaki a bayan gida da ba shi da allo a ƙofa. Bari mu faɗi yadda wurin yake, domin iyaye mata da matan aure su san inda kuɗin cefane yake kwana.

Labule ne a ƙofa, benci biyu ko uku, tebur na roba, janareta yana ƙara a waje saboda firji. A gefe akwai tukunyar farfesu, ko mai tsire a bakin ƙofa. Idan gidan burkutu ne, randa ce da ƙwarya, da ƙamshin jar dawa da aka jiƙa ta tsira aka niƙa aka dafa aka bari ta yi tsami. Akwai kuma ƙananan ledoji da ƙananan kwalabe na barasa mai zafi, masu arha, waɗanda yaro zai iya sa wa a aljihun wando. Mai gidan tana da littafin bashi, kuma ta fi ma'ajin ikkilisiya sanin ranar da ake biyan albashi. Da shigarka za a yi maka maraba, a kira ka da sunanka, a matsa maka wuri. Ba wanda zai tambaye ka dalilin da ya sa ba a gan ka a sujadar Laraba ba. Za a yi hirar ƙwallo, a yi ta siyasa, a yi ta farashin buhun masara, a yi ta wanda aka sace da nawa aka biya. Kwalba ta farko ta gajiya ce, ta biyu ta abokai, ta uku kuwa ita ce take fara magana a madadin mai ita.

Ku yi lissafi da kanku. Mai shan kwalba 2 kowace yamma ya sha 60 a wata, 730 a shekara. Ku ninka da kuɗin kwalba ɗaya a yau, ku ajiye kusa da kuɗin makarantar yaro, da kuɗin haya, da buhun taki. Sa'an nan ku tuna cewa mutumin nan ne zai tashi ranar Lahadi ya ce zamani ya yi tsanani, ba shi da abin sa wa a baiko.

Hujjojin da ake kawo mana

Hujja ta farko ita ce ta 'yanci. Gaskiya ne kotun shari'a ba ta da iko a kan Kirista sai da yardarsa. Amma tun yaushe abin da alƙali bai hana ba ya zama abin da Kristi ya umarta? Manzo Bulus ya yi wa masu bi na Roma da na Koranti doguwar magana a kan irin wannan, a Romawa sura 14 da 1 Korantiyawa sura 8. Su ma 'yan tsiraru ne a tsakiyar mutanen da suke zuba musu ido. Abin da ya koya musu shi ne, mai bi yakan ajiye abin da yake da ikon yi idan yin sa zai sa wani tuntuɓe. Shi da kansa ya ɗauki alkawarin barin nama ɗungum in dai cinsa zai kā da ɗan'uwa. Idan manzo zai bar nama, wane ne kai da ba za ka bar kwalba ba?

Hujja ta biyu ita ce bikin Kana, inda Ubangiji ya mai da ruwa ruwan inabi, da shawarar da Bulus ya ba Timoti saboda ciwon cikinsa. Abin mamaki, akwai mazajen da ba su iya kawo aya ko ɗaya a kan gafara ko addu'a ba, amma waɗannan wurare biyu suna bakinsu kamar sunayen 'ya'yansu. Mun sani ɗarikunmu ba su zama ɗaya a kan wannan batu ba. ECWA da Baptis da waɗansu sun hana sha gaba ɗaya, Katolika da waɗansu kuma buguwa suka hana. Ba mu zo raba wannan gardama a nan ba. Amma babu ɗarika ko ɗaya a cikin wannan ƙungiya da ta koyar cewa magidanci ya bar iyalinsa da dare ya je bayan labule ya sha har harshensa ya yi nauyi. Littafin da ya ba mu labarin Kana shi ne ya ba mu labarin Nuhu tsirara a cikin alfarwarsa a Farawa sura 9, da abin kunyar Lutu a sura 19, da kwatancin mashayi a ƙarshen Karin Magana sura 23. A Irmiya sura 35 kuma an yabi zuriyar Rekab saboda sun ƙi ruwan inabi ko da annabi ne ya ajiye shi a gabansu.

Hujja ta uku ita ce munafuncin waɗansu. Za a ce mana ai masu hanawar ma suna sha a ɓoye, kuma jihohin da suke fasa kwalabe suna karɓar rabonsu na harajin kayayyaki da ake tarawa daga ko'ina a ƙasa, har da na giya. A Nuwamban 2013 Hisbar Kano ta sa mota ta murƙushe kwalabe kimanin 240,000 a bainar jama'a, kuma an daɗe ana muhawarar harajin nan a jaridu. To, muhawara ce ta 'yan siyasa da lauyoyi, su je su yi ta. Munafuncin wani ba ya tsarkake ƙazantar wani. Kuma idan maƙwabcinka ya zauna kusa da kai a benci yana sha a ɓoye, ka sani gobe da safe shi zai koma cikin dubban mutanensa ya ɓace, kai kuwa da kai da majami'arka ake nunawa da yatsa.

Hujja ta huɗu samarinmu masu karatu ne suke kawo ta. Sukan ce a Ingila kowace unguwa tana da gidan giyarta a bakin babban titi, mutum ya tashi daga aiki ya shiga ya sha kofi ɗaya, ya kalli ƙwallo, ya koma gida, ba wanda ya ce ya yi ridda. Haka ne. Amma can wurin yana da lasisi da lokacin rufewa, ba a sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, kuma ba wanda yake auna addinin Kirista da abin da aka gani a wurin. Ku kuma tuna cewa a Ingilar nan ce masu bi suka kafa ƙungiyar Band of Hope a birnin Lids a 1847 domin tsare yara daga giya, kuma a unguwannin matalauta na gabashin Landan William Booth ya fara aikinsa a 1865 a tsakiyar iyalan da sha ya rusa. Waɗanda suka ga abin da idonsu ba su ɗauke shi wasa ba.

Kada wani ya juya mana magana. Ba mu goyi bayan a yi wa kowa bulala ba, ba mu kuma yarda a fasa wa Kirista shago ko a shiga gidansa ba bisa ƙa'ida ba. Duk ranar da aka yi haka za mu yi magana. Mun kuma san doka kaɗai ba ta raba mutum da kwalba. Amurka ta gwada daga 1920 zuwa 1933, ta ƙare da mashaya ta ɓoye da 'yan fasa-ƙwauri. Dalilinmu na ƙin mashaya ya girmi shari'ar 2000, kuma ko gobe aka soke ta, dalilin yana nan.

Mu 'yan kaɗan ne, kuma ana kallonmu

A Jos ko Kafanchan, idan Kirista ɗaya ya bugu ya faɗi a kwata, sunansa kaɗai za a kira. A Zurmi ko Shinkafi, inda duk masu bin da ke garin ba su fi cika 'yan bencina ba, ba za a kira sunansa ba, cewa za a yi "Kiristan nan". Wake ɗaya ke ɓata gari. Gobe idan dattawa suka je gaban hakimi ko shugaban ƙaramar hukuma neman fili ko neman izinin gyara rufin majami'a, wannan labari zai riga su isa. Sau nawa aka ƙi ba mai bi hayar gida saboda tsoron zai kawo giya unguwa? 'Ya'yanmu a makarantun gari da ɗalibanmu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura suna jin irin sunayen da ake kiranmu da su. Yawancin wannan zargi zalunci ne, gama mafi yawan masu bi ba su taɓa sa giya a baki ba. Amma sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

'Yan'uwanmu Hausawa masu bi, waɗanda kakanninsu suka fito daga Maguzanci, sun fi kowa sanin nauyin wannan. A wurin kakannin nan burkutu yana haɗe da gayya da biki da tsafi. Sa'ad da suka karɓi bishara, fasa randar giya yana cikin alamun farko da dangi suka gane da su cewa mutum ya sāke. Abin da suka bari da hawaye, shi jikoki za su koma su ɗauka su kira shi 'yanci?

Ga kuma halin da ƙasarmu take ciki. Shekaru fiye da goma ke nan 'yan bindiga suna addabar wannan yanki. A Satumban 2021 har layukan waya aka rufe a jihar nan, aka dakatar da kasuwannin mako. Kowa ya san masu satar mutane suna da masu kai musu rahoto a cikin gari. Ina ne ya fi mashaya sauƙin jin wanda ya sayar da kaya, wanda aka aiko wa kuɗi, da wanda zai bi hanyar Shinkafi da asuba? Mutum ya sha ya saki baki, a kwana biyu a ɗauke shi ko maƙwabcinsa, sai a dawo ana bin masu bi gida gida ana tara kuɗin fansa. An kuma sha kama mutane bisa zargin kai wa 'yan bindiga mai da abinci da kayan maye. A irin wannan lokaci, mai bi da aka tsayar a shingen bincike da katan na giya a bayan babur ya jawo wa kansa da mu duka abin da baki ba zai iya wankewa ba.

Abin da ake sha a ɓoye kuma ba mai duba shi. A 2015 mutane da yawa suka mutu a jihohin Ondo da Ribas bayan sun sha ogogoro mai guba. Daga ledar barasa zuwa maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana a 2018, da ƙwayar tiramol, taki ɗaya ne. Yaron da ya ga mahaifinsa yana shiga bayan labule ba zai tsaya inda uban ya tsaya ba.

Zuwa ga dattawa

Yanzu maganar ta zo kanku, iyayenmu dattawa. A 1 Timoti sura 3 da Titus sura 1, rashin shaye-shaye yana cikin sharuɗan wanda zai riƙe ikkilisiya. Duk da haka akwai majami'un da ake da mudu biyu. Gwauruwar da take dafa burkutu domin ta ciyar da marayu, ita ake kira gaban dattawa, a sa ta ƙarƙashin horo, a hana ta Jibin Ubangiji, a mai da ita bencin baya. Mai shagon da ya ba da buhunan siminti, wanda kowa ya san inda yake yini ranar Asabar, shi ake ba kujerar gaba ranar godiya. Matasa suna gani. Horon da yake kama ƙaramin kifi ya saki babba ba horo ba ne, kuma shi ya sa ba a jin tsoronsa.

Ku kuma tambayi kanku abin da mutum yake samu a mashaya wanda bai samu a wurinku ba. Ɗan sanda ko malamin asibiti ko mai yi wa ƙasa hidima da aka turo daga Binuwai ko Filato ko Zuru, bai san kowa ba, iyalinsa suna nesa, dare yana da tsawo, ga tsoro. Majami'a tana buɗe ranar Lahadi da yammacin Laraba, sauran kwanaki kwado ne a ƙofa. Mai gidan giya kuwa kullum tana nan, ta kuma san sunansa tun ran farko. Idan ta fi ku iya karɓar baƙo, kada ku yi mamakin inda baƙon ya sauka.

Saboda haka muna kira ga kowace majalisar dattawa ta zauna a kan waɗannan abubuwa kafin taronmu na gaba. Na ɗaya, mudun horo ya zama ɗaya ga mai kuɗi da matalauci, ga dattijo da sabon tuba. Na biyu, duk macen da aka ce ta bar dafa burkutu, Zumuntar Mata da ma'ajin ikkilisiya su haɗa mata jari ta koma kunun zaki ko ƙosai ko ƙuli-ƙuli ko ɗinki, gama ba a raba mutum da abincinsa a sallame shi da aya kaɗai. Na uku, Zumuntar Maza ta buɗe harabar majami'a ko zauren wani dattijo da yamma kafin duhu, a sa benci da shayi da dara da rediyo, a yi hira, a rufe da addu'a, kowa ya isa gida da wuri. Na huɗu, kowane baƙon da aka turo aiki a haɗa shi da wani gida da zai riƙa cin tuwon dare a ciki. Na biyar, wanda giya ta riga ta kama, kada a yi ta sukarsa daga bagade. Ciwo ne da yake bukatar mutum biyu ko uku masu riƙon asiri su tsaya tare da shi, su raka shi asibiti in ta kama, su kuma kula da matarsa da 'ya'yansa.

Ku kuma 'yan'uwa da kuke zuwa can, ba mu rubuta wannan domin mu kore ku ba. Wurinku yana nan a cikinmu, muna kuwa bukatarku, gama ba mu da yawan da za mu yi asarar ko mutum ɗaya. Abu ɗaya muke roƙo. Idan ƙafa ta ja ku zuwa bayan labulen nan, kada ku ce domin ku Kirista ne. Sunan nan akwai waɗanda aka hana su fili saboda shi, akwai waɗanda aka hana su aiki, akwai waɗanda dangi suka kora daga gida. Ku bar musu shi da tsabta.

Ubangiji ya ba mu kunnen ji, ya tsare fitarmu da shigarmu, ya kuma maido da salama a ƙasar Zamfara. Amin.